Shekarar da Na Saƙa Teku

Ku zauna, ga tabarma nan. Ke mai jan hijabi, aje wayar tukuna. Na ji abin da ya kawo ku: kun ga wata a bidiyo ta gama hular jinjiri kafin shayi ya huce, kuna so in gwada muku kwarashi cikin hutun lakwal, kafin a koma aji, ku samu ɗan abin sayen sabulu. Ban ƙi ba. Amma ni Dije, shekara arba'in da ɗoriya ana ce mani mai kwarashi a garin nan na Ƙonni, kuma ba na ba yarinya ƙarfe a hannu sai ta ji inda sana'ar ta kai ni. Wadda ta ji ta ce har yanzu tana so, sai mu gani.

Hulata ta farko a Illela ta wajen Tawa na saƙa ta, garinmu, ina 'yar shekara sha uku. Akwai wata mata, Inna Gambo, matar wani mushe, malamin makaranta, da aka kawo lakwal ɗin garin. A Tawa ta koyo saƙa, a gidan da ake koya wa mata sana'a. Na yi wata biyu ina ɗebo mata ruwa, ina share mata tsakar gida, kafin ta yarda in taɓa zarenta. Da ta yarda ɗin ma, sarƙa kawai ta ba ni. Sarƙa ita ce farkon kowace saƙa: ki ja zare ta cikin ido, ki sake ja ta cikin sabon idon, haka har ta yi tsawo. Wata guda cur ina sarƙa. In na kai mata ba ta ko dubawa, sai ta ja ta tsakanin yatsu biyu kamar mai jan carbi, ta tsaya wuri ɗaya ta ce, "Nan kin ji haushi. Nan kuma barci kike." Inda na matse da inda na saki ke nan. Da ta bar ni na yi hula, kwana tara na yi a kanta. Ta karɓa ta juya, ta tashi ta ɗora ta a kan taɓarya, hula ta zauna daram. Ta ce, "To, taɓarya ta samu. Saura ɗan mutum."

Kwarashin da na fara da shi maƙeri ne ya yi mani da wayar ƙafar keke. Ya lanƙwasa bakin, ya goge, amma ya bar ɗan kaifi da ido ba ya gani, zare kaɗai ke jin shi. Kowane ja sai ya tsage mani ulu. Da dutse da sabulu na lallaɓa shi har ya yi santsi. Daga baya na tara na kanti. Akwai siriri kamar allura, na zaren auduga, da shi ake marufin kwano da shimfiɗar tebur. Akwai matsakaici na ulu, shi ne na kayan jinjiri. Akwai tsinke biyu dogaye na rigar sanyi, wannan wata saƙa ce daban, hannu biyu ke aiki. Sai gwangwanin madara da na huda wa murfi, in jefa curin zare ciki in zaro bakin ta hujin, don kada ya yi birgima cikin rairayi, kada kaji su ja shi. A bidiyo ba za su gwada muku gwangwani ba, su ba su da kaji a tsakar gida. Ga wani abin ma da ba za su gwada ba: ku taɓa nan, yatsana na nuni. Wannan kwarin ba yanka ba ne, hanyar zare ce.

Aure ya kawo ni Ƙonni, nan kuma sana'a ta buɗe. Aikin da ya fitar da sunana na matar wani ɗan duwan ne, ma'aikacin kwastan. Ta zo da ciki wata bakwai, ta ce tana son saiti cikakke, hula, safa, riga da shawul, fari da ruwan hoda, amma kada a ga ƙulli ko ɗaya. Ɓoye ƙulli shi ne rabin gwaninta. In zare ya ƙare ba ɗaurewa ake ba, ana kwantar da sabon a jikin tsohon a tafi da su tare ido biyar ko shida, har ya ɓace. Ranar suna mata suka yi ta juya shawul ɗin suna neman inda na haɗa, ba su samu ba. Daga nan matan jandarma suka biyo, sai matan ma'aikatan siminti daga Malbaza, sai mutanen ƙauyukan Alela masu shigowa da amalanke ranar kasuwa. Na ƙauye ba sa kawo jinjiri, tsinken tsintsiya suke karyowa daidai tafin ƙafarsa, su ce ga awon. Wata ta biya da kuɗi, wata da tiyar wake. Daga tsallake ma ana zuwa, matan Najeriya, su ba da aiki wannan kasuwar su karɓa ta gaba. In ɗari ya kusa, mu bakwai ne ƙarƙashin rumfar nan da kuke zaune, ni da masu koyo shida, ba ma ɗaga kai sai an kira salla.

Ba duka ne masu daɗi ba. Wata ta taɓa ba ni aikin marufin kwanonin ɗakin ɗiyarta, jere guda, kowane da fure a tsakiya. Wata biyu na yi da siririn kwarashi, har wuyana ya riƙe. Ranar karɓa ta jera su a tabarma, ta ƙirga ganyen furen ɗaya bayan ɗaya, ta samu guda mai ganye bakwai a maimakon takwas. Ta ce ita ba za a yi mata dariya ranar jere ba. Ban yi gardama ba, gaskiyarta ce. Na warware shi a gabanta, na sake, tana zaune tana cin gyaɗa.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Kayan inji suka fara shigowa cikin leda mai kwali, saiti guda har da ɗan abin wasa, a ƙasa da abin da nake sayen zare kawai. Ba sa jimawa suke saki, amma jinjiri ma ai wata uku yake yi ya fi ƙarfin hula, to wa ya damu? Masu koyo suka riƙa zamewa, wannan ta koma tuyar awara, waccan ta koma saida turare. Ɗaya ta rage, Saude. Ba yarinya ba ce, ta haura arba'in, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta yi lakwal har kolej kafin aure, tana karanta Faransanci, kuma hannunta ya fi na duk wadda na taɓa koyarwa. Shekara goma sha ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kun san ta, ba ku manta yadda kuran ya ɗauke ba, gari babu lantarki. Mu abin da ya fi taɓa mu zare ne. Malam Idi, wanda duk masu saƙar garin nan ke saye a teburinsa, daga Sakkwato yake ɗauko ulu. Hanya ta toshe. Masu biyo daji da babur man fetur suke ɗaukowa, ba wanda zai sa ransa a hatsari saboda zaren hula. Teburin Malam Idi ya yi ta raguwa har ya koma ja da rawaya, sai fari kaɗan. Matan tsallake suka daina zuwa. Na yi sati biyar ba wadda ta yi sallama ta ce a saƙa mata ko safa.

Cikin wannan zaman ne Saude ta shigo wata safiya, waya a hannu, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Inna, dubi wanga abu. Wata 'yar ajinmu da ke aure Yamai ta saka ni wani gurup na masu saƙa. Mata ne daga ko'ina, Kwatano, Lome, Abijan, har ƙasar Turawa. Za su fara aiki guda tare."

"Tare ƙaƙa, suna gari daban-daban?"

"Kowa na gidanta. Shugabar, Madam Odil, ita ka turo misali kowane sati, kowa ta saƙa nata ta ɗau hoto ta tura. Sati takwas, gutsure bakwai, na takwas a haɗa ya zama bargo. Bana duk abin teku za a yi."

"Mi na sani ga teku, Saude? Ruwan da na sani shi ne na baraji, inda aka datse ruwa, shi ma in rani ya yi nisa shanu ke ratsa shi."

"Ba sai kin sani ba, Inna. Mata sun fi ɗari ciki. In sunka ga hannunki, wallahi sai an nemo mu. Ko mutum biyu sunka ba mu aiki, ai mun tashi."

Maganarta ta ƙarshe ce ta kama ni. Na ce ta rubuta sunana.

Gutsuren farko igiyar ruwa ce. Wayar sai an kai ta wurin mai sola a bakin tasha an yi caji, rezo kuma, sabis ɗin waya, sai mun fita bayan gida wajen dogon yaro, Saude ta ɗaga hannu sama tana jira. Da bidiyon ya sauka, sau biyu na kalle shi na gane dabarar: gajeren ido biyu, matsakaici biyu, dogo uku, a sake saukowa, sai layin ya yi tudu da kwari. Wannan ba komai ba ne, irin shi nake wa bakin shawul tun ba a san waya ba. Matsalar launi ce. Shuɗi iri huɗu ake so, daga mai haske kamar sararin safiya har zuwa mai duhu kusa da baƙi. A duk Ƙonni babu curin shuɗi ko ɗaya.

Na kwashe farin da ya rage wa Malam Idi na kai wa wata mai rini a unguwarmu. Ta dafa galura, ta tsoma, ya fito shuɗi mai kyau, muka shanya. Da na ɗauraye, ruwa ya tafi da launin, zare ya koma toka-toka kamar tsumma. Ta ce, "Dije, wanga zaren roba ne, ba ya shan rini. Da auduga ne da ya kama." Shekara arba'in ina riƙe da ulu ban san haka ba, don ban taɓa buƙatar rina shi ba. Farin ya lalace, kuma babu wani.

Sai muka koma gwanjo. Saude ta hau kabu-kabu ta zaga 'yan gwanjon Ƙonni, ranar kasuwar Malbaza ma ta tafi can, tana tono rigunan sanyi masu shuɗi daga ƙasan tuli. Guda biyar ta samo. Warware rigar gwanjo aiki ne mai zaman kansa: ki nemo ɗinkin gefe ki farke, ki kamo bakin zare daga wuya, ki ja a hankali. Yana fitowa a murɗe kamar taliyar yara, sai an naɗe shi a bayan kujera, an jiƙa da ruwan ɗumi, an rataye da dutse a ƙasa kafin ya miƙe. Kaurinsu bai zo ɗaya ba, wani sai na ninka biyu, wani sai na canza kwarashi. Mun shiga da latti na kwana goma. Amma da hoton igiyar ruwana ya tafi, wayar ta yi ta ƙara har la'asar, Saude tana karantawa tana fassara mani. Wata ta ce layina kamar da ma'auni aka ja shi. Wata ta tambaya wane kanti nake sayen zare mai irin wannan launi.

"Mi zan ce mata, Inna?"

"Ce mata daga nesa yake zuwa."

Su ma suna turo nasu hotunan. Ni ba saƙar nake kallo ba, bayanta nake kallo. Wata tana da kanta tun daga ƙasa har rufin ɗaki, cike da curin zare, an jera shi launi-launi. Wata kyanwarta ce kwance a kan ulun da zai ishe ni ɗari biyu. Na ce wa Saude, "Waɗanga manyan 'yan kasuwa ne, dubi jarinsu." Ta ce ita ma haka take gani.

Sati na biyu katantanwar teku ce, na yi tawa kamar wuri, irin wanda kakata ke ɗinkawa a bakin faifai. Na uku kifi. Nasu kifin masu zane-zane ne, rawaya da ja, da baki kamar na tsuntsu. Na ce ni ban taɓa ganin wannan ba, kuma ba zan saƙa abin da ban san yadda yake juya jiki ba. Na ɗauko zaren nan da rini ya ɓata na yi tarwaɗa, da faffaɗan kanta da gashin bakinta, irin wadda ake kawowa daga baraji a bokiti tana motsi. Wannan tarwaɗar ita ta fi komai tashi a gurup ɗin. Madam Odil da kanta ta turo murya ta ce a gaida Mama Dije ta Nijar, ta ɗora hoton a goshin gurup sati guda. Ranar Saude ta shigo mana da tsire. Ta ce, "Inna, kin gani? Yanzu za su fara tambaya."

Ba su tambaya ba. Sati na huɗu ya wuce, tauraron ruwa, aka yaba. Na biyar ya zo, wata halitta mai kai kamar tulu da hannuwa takwas, na saƙa ta ina a'uziyya, aka yaba. Gero ya kusa ƙarewa a gidan Saude. Na ce mata, "Yabo ya isa haka. Tambaye su kai tsaye: in an gama bargon, wa ke saye, kuma ina ake kaiwa?"

Ta ce, "Inna, ban ga wadda ta taɓa maganar saye ba."

"Shi ya sa ke za ki yi."

Ta rubuta da ladabi. Amsar ba ta zo ba sai washegari da hantsi, murya ce mai tsawo. Saude ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara.

"Faɗa mani."

"Ta ce su ba saidawa suke ba, Inna. Ta ce ita malamar asibiti ce, wasu na buro, aikin ofis, wasu sun aje aiki. In sun taso sun gaji, sai su ɗau kwarashi su huce. In sun gama su ba jikokinsu, ko su shimfiɗa a kujera. Ta ce a yi haƙuri in an fahimce ta ba daidai ba."

"Su huce."

"Haka ta ce."

Matar ba ta yi mana ƙarya ba, ba ta taɓa cewa kasuwa ce ba. Mu ne muka ga mata da kwarashi muka ɗauka abinci suke nema kamar mu. Wata daga cikinsu, Allah ya saka mata, ta biyo Saude ta gefe ta ce tana son tarwaɗar ita kaɗai. Muka bincika yadda za a aika. Ba mota mai tsallakawa, wanda ya ce zai iya kuma, abin da ya nema ya fi ƙarfin saƙar nesa. Maganar ta mutu a nan.

Saude ta ce mu bari. Na ce a'a, ban taɓa aje aiki rabi ba, ko wanda mai shi ya gudu ya bari.

Gutsure na shida shi ne ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa: shuɗin nan mai duhu, da kififiya a tsakiya. Na zauna da shi a bakin rumfa da hantsi, haske ko'ina. Da ma na fi shekara ina ganin hayaƙi-hayaƙi a idon dama, ina cewa gajiya ce. A kan fari da ja hannuna yana rufa mani asiri. A kan wannan zaren kuwa duk layin ya zama baƙin abu guda, ban ga ido ba, ban ga tsakanin ido ba. Na yi ta lalube kwana huɗu, na gama, na miƙa wa Saude ta ɗau hoto. Ta riƙe shi ta daɗe.

"Ɗauki mana."

"Inna, gefen ga ya fi wancan tsawo."

"Ja shi, zai daidaita."

"Ba na ja ba ne. Kin tsallake ido nan, da nan, da nan. Nan kuma kin soka biyu wuri guda. Ga ƙulli ma a fili."

Na ce ta ba ni. Na bi da yatsa. Duk abin da ta faɗa yana nan, har da wanda ta ji kunyar faɗa. Ko yarinyar da ta yi wata biyu a hannuna ba za ta kawo mani irin wannan ba. Na ce, "Tun yaushe kike gani?" Ta sunkuyar da kai. Ta ce tun kafin a rufe iyaka take bin bayan aikina, in na tashi salla ta gyara abin da na tsallake ta mayar cikin kwando.

Ɗana ya kai ni wurin likitan ido. Ya haska, ya auna, ya ce ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, ya ci jijiyar na dama daga ciki, na hagu ma ya fara bin sahu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani a riƙe sauran. Ya tambaye ni aikina, na faɗa masa. Ya ce, "Inna, ki nemi wanda ba na ƙura ido ba."

Saude ta warware na shidan ta sake shi. Ita ta yi na bakwai, kwale-kwale. Haɗawar ce kawai na ce a bar mani, don haɗi da yatsa ake jin shi: ki kifa gutsure biyu fuska da fuska, ki bi bakinsu ido da ido, in ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa kin san kin yi kuskure. Aka tura hoton bargon da sunana. Na ce ta gaya musu biyu ba nawa ba ne. Ta ce ta gaya musu, ban sani ba ko ta yi. Kwana biyu ana turo yabo da hotunan furanni. Madam Odil ta yi godiya ga kowa, ta ce aiki na gaba na itatuwan ƙasar sanyi ne. Ba a yi sati ba Saude ta saida wayar ta sayi hatsi.

Mun rataye bargon a teburin Malam Idi har kasuwa uku. Mata su tsaya, su shafa, su ce kai, wannan aiki ne. Wata ta ce ba za ta lulluɓe ɗanta da abu mai hannu takwas ba, ya yi ta firgita. Wata hajiya ta ce halittu ne masu idanu, ba ta saka su ɗakin da take salla. A kasuwa ta uku wani direban tirela ya tsaya, dattijo, irin masu zuwa Kwatano lokacin da hanya ke buɗe. Ya tambaya mene ne. Malam Idi ya ce teku ne, ga mai saƙar nan zaune.

Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. "Inna, wa ya ce maki haka teku yake? Shekara ashirin ina jiran lodi a bakin shi. Ruwan toka ne, ga ledoji, ga ƙarni. Wanga shuɗin sai a kalanda." Ya ɗora yatsa a kan tarwaɗar. "Wagga dai na san ta."

Shi ya ɗauka, a kuɗin da bai kai na rigunan gwanjon ba. Ya ce kujerar motarsa ta yage, zai shimfiɗa.

Bayan haka da kwana kaɗan Saude ta zo ba ta ɗauko kwandonta ba. Ta zauna ɗan nesa da inda ta saba. Ta ce wani ɗan'uwan mijinta mai shago a layin kayan jarirai yana neman wadda za ta zauna masa. Kayan inji, cikin leda.

"Inna, yaran nan..."

"Na ce maki wani abu? Tashi ki tafi, kada wata ta riga ki."

Ta fara kuka, na ce ta bari, ba mutuwa aka yi ba.

Daga baya hanya ta buɗe, zare ya dawo teburin Malam Idi. Ni ban koma saye ba. Ke da kike tambaya ko har yanzu ana zuwa nemana: ana zuwa, jefi-jefi. Ɗarin da ya wuce wata mata ta yi sallama, ta ce sunanta Balki, daga Malbaza take. Ta zo da ɗiyarta mai tsohon ciki, cikinta na fari. Bayan gaisuwa ta kwance wani ƙyalle ta ɗora mani abu a tafin hannu. Hular jinjiri ce, ta yi laushi don tsufa.

"Kin gane ta, Dije? Ke kinka saƙa wa wagga yarinya, tana cikina. Ƙannenta uku duk sun saka ta. Irin ta nake so ki yi wa jikana."

Na bi bakinta da yatsa. Tawa ce, ko tambaya babu.

"Balki, ba na iyawa yanzu. Idona ya tafi."

"Ba sauri muke ba, akwai wata biyu. Ki yi a hankali."

"Ko shekara kinka ba ni, abin da zan kawo maki ba za ki yarda a saka wa jikanki ba. Ku tashi in kai ku wani wuri."

Na yafa mayafi, na riƙe hannunta, muka shiga kasuwa har layin kayan jarirai. Saude ta miƙe da ta gan mu, ta rasa inda za ta aje idonta. Na ce ta fiddo mani saiti uku daga leda. Na shafa, na ja ɗinki, na juya ciki. Biyu na mayar mata, na ukun na miƙa wa Balki na ce wannan ya fi dama-dama, kada dai a wanke shi da ruwan zafi. Balki ta karɓa. Yarinyar ce ta warce shi daga hannunta, ta ɗaga shi sama.

"Mama, wallahi wanga ma ya fi kyau. Dubi ɗan zomon da ke jiki."

Na ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Allah ya sauke ki lafiya."

Saude ta bar shagon a buɗe ta fito ta tsayar mani da kabu-kabu, don yanzu ba na iya tsallaka titi ni kaɗai.